Ƙirya ta Ƙarshe a Gonar Mijinyawa

Kujerar tana tsakar gida, koriya shar kamar bayan kwaɗo. Malam Mijinyawa ya zagaya ta bai taɓa ba. Da ya gama kallo sai ya zungure ta da bakin sanda.

"Maimaita. Da me ka ce aka yi ta?"

Ɗansa Badaruddeen yana tsugune a gefe. Ya ɗaga murya kaɗan, domin haka kowa ke yi wa tsohon magana yanzu, ba tare da an bari ya gane ana yi ba.

"Gansakuka ce, Baba, ta dam ɗin wajen Kabo. Mukan kwaso ta da raga mu shanya. In ta bushe a niƙe, a cuɗa da ƙaiƙayin shinkafa da gam, inji ya danne ta ta zama falanki. Gadon ma da ita muka yi, da kabad ɗin. Ko reshe ɗaya ba a sara ba."

"Majinar ruwa."

"Baba, har daga Kano ake zuwa shagonmu na Gwarzo saye."

"Mutanen Kano ba su haifi Zinnira ba."

Bikin Zinnira, autar gidan, ya matso. Kakannin Mijinyawa makiyaya ne, amma shi da garke ya ragu sai ya kama gizago, har ya zama masassaƙin da garin Madadi ke taƙama da shi. Duk 'yar da ya aurar sai ya sassaƙa mata kujerar tsakar gida da hannunsa, ta ƙirya, daga gungume guda, ba ƙusa ba haɗi. Ranar jere ita ake fara shigarwa ɗaki kafin gado. Dangin ango su juya ta, su ga zanensa a ƙasa, a rangaɗa guɗa. Yau kuma a ce autarsa za ta zauna kan abin da saniya ke turewa da hanci kafin ta sha ruwa?

Matarsa Altine tana tankaɗe a bakin madafi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ai ƙirya ta ƙare a ƙasar nan. Masu gawayi sun cinye ta."

"Akwai ta gona."

Rariya ta tsaya a hannunta.

"Ta gona? Ina shanun za su fake in rana ta take? Daga nan har garin Jama'a babu wata inuwa sai ita."

"Shanu ba su da surukai."

Zinnira ta leƙo daga ɗaki, ta durƙusa a bakin ƙofa. "Baba, wallahi ni wannan ta yi mini. Na zauna a kai, ko motsi ba ta yi."

"Ba ke za a zaga ba. Ni za a zaga."

Badaruddeen ya san mahaifinsa: in ya kafe, ko turken jaki albarka. Ya ce, "To bari in raka ka gobe, ko igiya in riƙe maka."

"Hannun da ke dama majina ba ya taɓa gatarina."

Da safe, bayan shanu sun gangara rafi, Mijinyawa ya saɓa gatari ya fita. Ƙiryar tana tsaye a ƙarshen gona ita kaɗai, duk kewayenta fili ne fetal. A gindinta mahaifinsa ke ɗaure maruƙa tun shi bai iya wanka ba. Ƙasar wurin ta yi laushi saboda kwanciyar shanu. Ya shafa ɓawon, bai daɗe ba ya janye hannu.

Masassaƙi ba ya sara sai ya tambayi itace. Yakan bugi gindin da ƙeyar gatari, ya kara kunne. Lafiyayyen itace amsarsa gajera ce, a cure. Mai kogo kuwa sai ya yi gunji kamar ganga. Maigidan da ya koya masa sana'a, da tsufa ya taɓa masa kunne, yakan tafi da wani ya saurara masa, kuma ba wanda ya ce abin kunya ne. To shi wa zai kira? Mai gansakuka?

Ya buga, ya kara kunne. Abin da ya ji shi ne shuuu ɗin nan da ya tare a kunnensa tun bara waccan. Ya koma ɗaya gefen ya sake bugawa. Ƙota ta girgiza masa hannu har kafaɗa. Ya ce a ransa, hannu ma kunne ne. Ya yi bismilla.

Ƙirya ba ta ba da kai da arha. Gumi ya jiƙa masa taguwa, numfashi ya riƙa yi masa gardama. Amma ɓarɓashin da ke tashi ja ne wur, mai nauyi, har ya fara hango kujerar a ciki, da ƙafafunta, da inda zane zai zauna. Ya zagaya yana saranta ta kowane gefe. Rana ta ɗago.

Can sai gatari ya nutse ba tare da turjiya ba, kamar an sari kabewa. Da ya zaro shi, baƙin gari ya biyo baya, gara na warwatsuwa a ciki.

Ya tsaya yana kallo. Ya zura hannu har gwiwar hannu, bai taɓo komai ba.

Da a ce sara ɗaya ya yi, da sai ya toshe da laka ya koma gida. Amma ya riga ya ci fiye da rabi. Itacen da aka yi wa haka ba ya jiran kowa: iskar farko ta damina za ta kwantar da shi a kan duk dabbar da ke ƙasa. Ya tofa yawu a tafi, ya ƙarasa abin da ya fara.

Da ƙiryar ta faɗi sai ta dare gida biyu kamar tsohuwar ƙwarya. Kogo ne tun daga gindi har inda rassa suka rabu. Naman itacen da ya rage bai fi faɗin tafin hannu ba. Ya bi ta daga ƙasa zuwa sama yana gwadawa da taƙi, ya dawo, ya sake bi. Ba gungumen da zai fitar da kujera. Rassan kuwa sai dai muciya.

Ya zauna a kan kututturen. Rana ta same shi a tsakiyar ka, a wurin da bai taɓa sanin zafinta ba.

Shanun suka hauro daga rafi da kansu, kamar kullum, tsohuwar farar saniya a gaba. Ta zo daidai makwancinta ta tsaya. Ta shinshina ƙasa, ta ɗaga kai. Sauran suka taru a bayanta suna zagaye, suna ture juna. Wani ɗan maraƙi ya cusa kai cikin ganyen da ya fara yaushi.

A haka Badaruddeen ya iso da gorar fura daga Altine. Ya dubi itacen, ya dubi kogon. Ya cire takalmi ya tsuguna.

"Sannu da aiki, Baba."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Mijinyawa ya karɓi gorar, ya kurɓa, ya ajiye. Bai dubi ɗan ba. Idonsa na kan shanun da ke tsaye a rana.

"Falankin nan naku."

"Na'am, Baba."

"Yana yin rumfar shanu?"

Badaruddeen ya sunkuyar da kai. Ya amsa a hankali, tsohon bai ji ba.

"Ɗaga murya."

"Na ce ba ya jure ruwan sama, Baba. Na cikin ɗaki ne."

Mijinyawa ya gyaɗa kai. Farar saniyar ta gaji da jira, ta durƙusa, ta kwanta a rana.