Itacen Rumfar Baba Mainassara

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba.

Lubabatu na fifita kunun da innarta ta aiko da shi a ludayi sai maƙwabcinsu Baba Mainassara ya kawar da kai. Ya daɗe kwance a rumfar ƙofar gidansa, can bayan Kwaya, ƙafafu duk sun kumbura. Matarsa Iya Ƙande ta shiga ciki ɗebo ruwa.

"Ke 'yar lakwal, 'yar boko, kin san matasan gawon nan na gonata?"

Ta san su. Shekara da shekaru yana rainonsu. In tsiro ya fito sai ya rage masa rassa, ya bar ɗaya miƙaƙƙe, ya kewaye shi da ƙaya. In rani ya yi nisa ciyawa ta ƙare, ganyen gawo da 'ya'yansa ne abincin awakin Iya Ƙande. Ko saran ganye ma gefe ɗaya yake yi a shekara, ba ya taɓa kan bishiyar.

"Ranar da za a rufe ni, su za a fara hanga, don sun miƙe daidai jerawa a bakin kabari. Ki ce a zare itacen rumfar nan. In aka sare su, me awakin tsohuwa za su ci baɗi?"

"Ni kuma, Baba? Ka faɗa wa maza mana."

"Maza? Da na ɗauko zancen sai su toshe ni da 'za ka tashi'. Ke ba ki iya katse mutum ba."

Ya rasu ran wata Laraba da hantsi. Lubabatu na bakin danga ta hangi Ɗalha, ɗan ƙanensa, ya saɓa gatari ya nufi gona. Maza cike da tabarmi, ita kuwa ko a aji ba ta ɗaga hannu.

"Yaya Ɗalha..." Muryar da ƙyar ta fita.

"Ke, koma wajen mata."

Sambo makiyayi, wanda shanunsa ke kwana a gonar Baba kowane rani, ya ɗago kai. "Bar ta. Faɗi, 'yata."

Ta faɗa, idonta na kan yatsun ƙafarta.

"Rumfa kuma?" in ji Ɗalha. "To ina za a yi zaman makoki? Cikin rana?"

Sambo ya yi 'yar dariya, ya goge ido da gefen rawani. "Wallahi maganarsa ce. Tun gemuna na baƙi yake korata da sanda a kan bishiyoyin nan, yau ma bai fasa ba." Ya miƙe ya fara yaye zanan rumfar da kansa. Ɗalha ya yi tsaye jim, sannan ya jingine gatarin ya kama masa.

Da aka dawo daga maƙabarta, mutane suka jeru a 'yar inuwar katanga. Shikashikan rumfar na tsaye ba rufi. Wata akuyar Iya Ƙande ta zo daidai inda tabarmar Baba take da, tana tauna ɗan gawo a hankali. Lubabatu ta ɗauki ƙwaryar kunun innarta, ta sulale ta bayan danga kafin wani ya waiwayo.