Sunan da Mma Ba Ta Kira

Sahadatu ta haura shekara talatin ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. 'Yar fari ce, Mma Zuwera kuwa jikar fataken goro ce a Salaga ta ƙasar Ghana, irin gidajen da suka fi mutanen Kanon da suka baro riƙon alkunya. Ana yaye ta aka miƙa ta ga gwaggonta a Yendi, daga nan sunanta a bakin Mma ya koma "ta Yendi". In ta zo hutu ta durƙusa gaisuwa, Mma sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Ƙannenta na hawa cinya, ita tana kallo. Kowa ya ce mata ai haka ake yi wa ɗan fari. Ta yarda, amma abin bai daina yi mata ciwo ba.

Ta girma ta zama nas a Bawku. A shekarar 1988 ta ji labari Mma ta shiga ayarin masu zuwa Maulidi a Kaulaha, can ƙasar Senegal, ga ta da hawan jini. Ayarin na neman mai duba marasa lafiya don Allah. Sahadatu ta ɗauki hutu, ta shirya akwatin magani, ta ce wa mutane lada take nema. Ba ƙarya ta yi ba, sai dai akwai saura: so take ko sau ɗaya ta riƙe hannun uwarta, in ba a matsayin 'ya ba, to a matsayin nas.

Amma fa ta manta da halin wadda ta haife ta. A mota kowace tsohuwa ta miƙo hannu a gwada jininta, har da masu ƙaryar ciwo don a lallaɓa su. Da aka zo kan Mma sai ta ja mayafi, ta dubi ƙawarta Lariba mai koko.

"Ce wa ta Yendi lafiyata ƙalau."

Haka aka ratsa Burkina da Mali. Magani ta hannun Lariba yake zuwa, ta hannun Lariba kuma dafaffen ƙwai yake dawowa, wai a ba mai aikin nan kada ta faɗi. Sahadatu takan ci ƙwan tana juya fuska ga taga.

A Kaulaha ba masaka tsinke. Zikiri na tashi ta kowace kusurwa, rana kuwa kamar a soya gyaɗa a ƙasa. Ranar Maulidin, zafi da gudawa suka kwantar da mutane a rumfar 'yan Ghana. Tun hantsi take dama ruwan gishiri da sukari, tana tsallake tabarmi, ko'ina "Sista! Sista!" Wajen azahar, tana gudu zuwa kan wani dattijo da ya sume, ta ji wata siririyar murya daga bayan rumfa ta ce, "Sahadatu." Ta ɗan tsaya. Duk ayarin ba mai kiran ta haka, kuma a taro irin wannan Sahadatu ba ɗaya ba ce. Aka sake kira. Ta gyara riƙon butarta ta wuce.

Bayan la'asar Lariba ta zo ta kamo rigarta, ta ja ta bayan rumfa. Mma na kwance a inuwar katanga, mayafi a rufe da ƙirji. Sahadatu ta durƙusa ta kama wuyan hannunta. Hannun ƙarami ne, da kanta a tafinsa saboda wankin goro. Ta daɗe tana laluben jijiya, alhali tun taɓawar farko ta san babu.

Kafin magariba aka kai Mma makwancinta. Mutane na ta cewa Sahadatu ta gode wa Allah, wa ya samu irin wannan rabo, mutuwa a Kaulaha ranar Maulidi? Ta amsa da amin. Sai da aka watse ta juya ga Lariba.

"Inna Lariba, tun yaushe take kwance? Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Tun safe, Sista. Ita ta hana. Ta ce kada mutane su ce ta janye ki daga kan bayin Allah don ita ta haife ki. Da abin ya yi tsanani na tafi neman ruwa." Lariba ta share ido da gefen zane. "Da na dawo ta ce mini kin gifta, ta kira ki."

"Ta ce ta Yendi?"

"A'a. Da sunanki."

Sahadatu ta zauna a ƙasa. Muryar Mma ta san ta sarai, a faɗa da ciniki da salati, amma ba ta san ta da wannan sunan a ciki ba.

"Ta yi fushi da ban juyo ba?"

"Ko kaɗan. Ta ce a bar ki, aiki kike." Sannan Lariba ta ƙara da cewa, "Murmushi ma ta yi. Ta ce, 'Lariba, ashe sunan da daɗi a baki.'"