Kifin da Orval Yake Saki

A garin su Orval Lindqvist, can bakin Kogin Willamette, da zarar ƙanƙarar kan duwatsu ta fara narkewa, to magidanta sun tashi daga aiki. Kifin salmon ya fara haurowa daga teku ke nan, kuma na wannan lokacin shi ne mai maiƙo, wanda in aka ɗora shi a wuta sai maƙwabta su shigo gaisuwar da ba su yi niyya ba. Orval a wannan harka ya tsufa. Matarsa Maxine kuwa ta tsani ruwa, ko tudun da jirginsa ke ɗaure a gindinsa ba ta cika gangarawa ba.

Dokar kamun ba wuya gare ta. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, tun yana ɗan mitsitsi ake yanke masa wani ɗan fiffike da ke gadon bayansa, dab da wutsiya. Wannan naka ne, kai shi gida. Wanda fiffikensa ke nan kuwa ɗan kogi ne, ko ɗaga shi daga ruwa ba a yarda ka yi ba, sai dai ka zare ƙugiya ka sallame shi. Orval bai taɓa wasa da wannan ba, kuma ba don tsoron masu sintiri ba. Shi a wurinsa kashe ɗan kogi daidai yake da yanka kazar maƙwabci.

To, tun cikin sanyi idon Orval ya fara yi masa tsiya. Yana ganin gada, yana ganin jirage, amma duk ƙaramin abin da ya zuba wa ido sai ya koma dishi-dishi. Da abokinsa Dwight na nan, shi ke duba fiffike, to shi ma ya tattara ya koma wurin ɗansa a Arizona. Laluben hannu kuma bai yi ba, don ruwan kan sandare masa yatsu, ga kifi ba ya tsayawa a shafa shi. Sai tsohon ya yanke wa kansa shawara: duk wanda ya kama, ya sake shi. Haka yake dawowa gida hannu rabbana, yana cewa bana 'yan kogi sun yi yawa.

Bai gaya wa kowa ba, saboda tsoro. 'Yarsu Darlene ta daɗe tana matsa lamba a sayar da jirgin, Maxine kaɗai ke tare masa faɗa. Ranar da Maxine ta gane, shi da kogi sai dai kallo daga taga.

Wata Asabar da safe ya fito da kayansa, sai ya tarar da ita a bakin ƙofa cikin rigar ruwansa ta da, riƙe da gorar kofi.

“Ina zuwa haka, tsohuwa?”

“Zan je in ga kogin nan da kowa ke samun abinci a cikinsa ban da mijina. Jiya matar maƙwabcinmu Lyle ta aiko mini da yanka guda, har da cewa wai don kar in manta ɗanɗanonsa.”

“Za ki yi amai.”

“In yi. Kifayenka ma sa samu abin ci.”

Ruwan ya ɗan sauka daga cikar da ya yi, jan da ya ɗauko ya fara washewa zuwa kore, irin yadda masu fatsa ke so. Itatuwan da ambaliya ta tumɓuko suna wucewa jefi-jefi. Maxine ta zauna a tsakiya ta riƙe bakin jirgi gam, tana ƙorafin katakon zama, da sanyi, da ƙarnin ɗan kifin da ya maƙala a ƙugiya. Orval kuwa, karon farko a rayuwarsa, addu'a yake kada komai ya ci.

Sai sandar fatsarsa ta lanƙwashe.

Nan take jikinsa ya manta da tsoro. Ya miƙe, ya saki zare, ya ja, ya sake saki, yana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. Maxine ta tsaya kallonsa, rabon da ta ga fuskarsa haka har ta manta. Da kifin ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, Orval ya zura koma ya tare shi cikin ruwa. Ƙato ne, cikinsa fari tas. Ya duƙa ya ƙura wa bayansa ido, bai ga komai ba sai wani abu mai ƙyalli yana motsi.

“Kash, ɗan kogi ne,” in ji shi. “Miƙo mini abin zare ƙugiya.”

Maxine ba ta miƙo ba. Ta saki bakin jirgi, ta matso a kan gwiwoyinta, ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa.

“Orval, wannan ba shi da fiffike. Wurin sumul yake, sai ɗan tabo.”

“Ke me kika sani a kan kifi?”

“Wa yake yanka su a kicin tun kafin a haifi Darlene?”

Ya gyara riƙon koma. Ta ɗago ta dube shi, shi kuma ya juya fuska gefe kaɗan, don ta gefen ido ne yake iya ganinta.

“Tun yaushe?” ta tambaya a hankali.

“Tun kafin Kirsimeti.”

“Duk waɗanda ka ce 'yan kogi ne fa?”

“Ban sani ba, Maxine. Na gwammace in saki nawa da in kashe wanda ba nawa ba.”

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma haka. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci. A ransa har ya ga Darlene tana liƙa takardar sayarwa a jikin jirgin, ya ga kansa a kujera da bargo a cinya.

“Ranar Litinin za mu je wurin likitan ido,” in ji ta. “Ba shawara nake ba ka ba.”

“Na ji.”

“Darlene kuma ni zan gaya mata, ba kai ba. Kai in ka buɗe baki ɓata zance kake yi.”

“Na ji.” Muryarsa ta dusashe. “Bari dai in kai jirgin bakin tudu da kaina, ko sau ɗaya ne.”

“Kai wa? Ɗago kifin nan tukuna, kafin ya gaji da jiranmu.”

Suka kama koma su biyu suka jawo shi ciki, ruwa ya fantsame mata fuska, ta yi tsaki. Ta share da hannun riga, ta ratsa ta gefensa da rarrafe, ta je ta zauna a baya kusa da injin, wurin da shi kaɗai ke zama. Ta kama hannun injin kamar mai tsoron ya cije ta.

“Sanda taka ce, ido nawa ne,” ta ce. “To nuna mini, in ina so ya yi hagu, ina zan tura wannan abin?”

Orval ya matso kusa da ita. Sai ya lalubo hannunta, ya ɗora nasa a kai, ya tura dama, jirgin ya karkata hagu.