Bawul ɗin Mai Shuri

A zangon Salaga babu wanda bai san Mai Shuri ba. Tsohon babur ne, baƙi, mai ƙaton inji da mugun hali: ka taka kik ɗinsa da garaje, ya dawo maka da shi a ƙwauri. Samarin da ya sa ɗingishi sun fi waɗanda ƙwallo ta sa. Maganar mutum ɗaya yake ji, Baba Issahaku, wanda zai lallaɓa kik ɗin har ya ji inda iska ta cije a cikin inji, ya ɗan gota wurin, sannan ya sakar masa nauyinsa duka. Ko makulli ba ya cirewa in zai shiga masallaci. Wa zai ɗauka?

Da shi yake kwaso bandar kifi daga Makango, ya bi ta Yendi ya kai Bawku. Kifin na 'yarsa Mansuratu ne, ita ke da jari, amma hanya tasa ce. Masu shayi na ajiye masa benci, dillalai na jiransa. In ka raba tsohon nan da hanyarsa, ka gama da shi.

Sai gwiwa ta fara kumbura. Kullum da safe zai tsaya gefen babur yana cije leɓe kafin ya taka.

Ana haka surukinsa Wadud, mijin Mansuratu, ya zo ya durƙusa har ƙasa. Mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda gaisuwarsa ke da tsawo har ka fara zargin kanka.

"Baba, ƙafan nan naka yana ba mu tausayi. Akwai wani fita, makaniki ke nan, a Bawku, yana sa ma moto irin naka bawul, iska ya fita kaɗan, kik ya yi taushi. Mansuratu ya ce in raka ka."

Tsoho ya ji daɗi, Allah ya sani. Ya goyo Wadud a baya suka kama hanya. A Yendi ya ce wa mai shayinsa, "Ba suruki na samu ba, ɗa na samu." Duk dillalin da suka tsaya wurinsa, da bakinsa yake cewa, "Ba shi lambarka, nawa ne." Wadud yana sunkuyar da kai yana dannawa a waya.

A Bawku, fitan, wani Samed, ya kwance kan injin ya ɗauko abin huji, sai ya dakata.

"Baba, in na huda, na huda fa. Moto zai canza hali."

"Huda! Halin ne ya ishe ni."

Ya huda, ya ɗaura ɗan bawul bai kai babban yatsa ba, ya ja waya zuwa wani ɗan hannu a ƙarƙashin kuloci. "Ka danna wannan, ka taka, ka saki."

Baba Issahaku ya danna, ya taka da ƙafar mai ciwon. Mai Shuri ya tashi salin-alin. Hawaye suka zubo wa tsoho, bai ma ɓoye ba. Don murna ya kira Asiatu mai koko, ya ce ta gwada. Da silifas ta tashe shi, taku ɗaya. Kowa ya kwashe da dariya, tasa ta fi ta kowa ƙarfi.

Ranar kifi ta zagayo. Baba Issahaku yana ɗaki bayan sallar asuba yana naɗe gwiwa da tsumma, sai ya ji ƙarar injin a tsakar gida. Ya fito. Wadud ne a kai, an ɗaure kwanduna tsaf. Mansuratu kuwa ta ajiye kujerar roba a gindin dalbejiya, har da matashi.

"Baba, ka zauna ka huta," in ji ta. "Tun bara muke neman fita da ya iya aikin nan."

"Tun bara?"

"To ya za mu yi? Kai kaɗai yake tasar ma."

"Mansuratu, babur ɗina ne."

"Kifi kuma nawa ne, Baba. Kana jinkiri a hanya, kana tsayawa hira."

Ya ɗingisa ya isa gaban babur, ya murɗa makulli, injin ya mutu. Ya ja da baya ya harɗe hannu yana jira. Har a lokacin yana sa rai Mai Shuri zai tuna waye mai shi, ya ba yaron nan a ƙwauri.

Wadud bai durƙusa ba wannan karon. Ya murɗa makulli, ya danna ɗan hannun, ya taka a kasalance kamar mai murƙushe kyankyaso. Injin ya amsa.

"Baba, a ɗan matsa, hayaƙi."

Tsoho ya matsa.

Kujerar tana nan gindin dalbejiya, shi ma yana kanta. In Wadud ya dawo daga Bawku yakan kawo masa gaisuwar masu shayi, wani lokacin har da goro. Sannan ya kafe babur a gabansa, ya zare makulli ya jefa a aljihu, alhali ƙofar gida a kulle take.