Rigar Mai Tsaron Gida

Liyatu tana sheƙar gero a tsakar gida sai ta ji sallamar Ɗan Azumi, abokin mijinta. Ya shigo da wani siririn saurayi, suka tsuguna a gindin rumbu.

"Uwar Rabeka, ga Dado ɗan Maigari. Shi zai tsare mana gida yau, za mu kara da 'yan Tanut."

"Allah ya ba da sa'a."

Ɗan Azumi ya sosa ƙeya. "Rigar muka zo aro."

Liyatu ta ajiye ƙwarya.

Mijinta Sila da Ɗan Azumi su suka kafa Guguwar Tarka, ƙungiyar ƙwallon Belbeji, a 1976, lokacin da wani mushen lakwal, malamin boko, ya zo daga Damagaram da ƙwallon fata. Su suka sassabe ƙaya a bayan kasuwar dabbobi, suka kafa turakun raga na itacen gawo. Ran Lahadi Sila ya taso daga sujada a coci, abokansa su sallame la'asar, a haɗu a fili. Ita ta ɗinka musu riguna tana amarya, buhunan gari ne aka rina shuɗi. Ta Sila kaɗai ce ta yadi, rawaya, mai dogon hannu. Da ita ya tsare gida ranar da suka ci Tanut, cin da ba a sake yi ba, aka ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gida, wani makiyayi Aghali ya biyo su da kyautar ɗan akuya.

Sai farin 1984 ya zo. 'Yan wasa suka watse, wasu Kano, wasu Arlit. Sila ya hau motar kamiyo ya nufi Libiya, ya ce ta adana masa rigar. Labarinsa na ƙarshe daga bakin wani direba ne da ya ce ya gan shi a Sabha yana aikin gini. Tun daga nan shiru.

"Ajiya aka ba ni," in ji ta.

"Na sani. Amma bana an yi ruwa, yara sun dawo, ƙungiyar matasa ta Samariya ta haɗa mana wasa. Alƙalin wasan ya ce mai tsaron gida sai da riga daban. In babu, a ba Tanut nasara ba a taɓa ƙwallo ba."

"Ku kawo yadi in ɗinka wata."

"Ina yadi a garin nan in ba ran kasuwa ba?"

Ta dubi ƙasa. "In baban Rabeka ya sauko yau, ya tarar da wani cikin rigarsa fa?"

Ɗan Azumi ya ce, "Uwar Rabeka, motar Agadas ba ta taɓa tsayawa ban je na duba fuskokin mutane ba. Ni ma jiransa nake. Amma in wasan yau ya rushe, baɗi gero za a shuka a filin nan."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Rigar tana ƙasan akwati, ƙarƙashin zanen sujadarta. Ta kai ta hanci. Ƙamshin sabulu kawai ya rage.

Dado ya karɓa da hannu biyu, ya saka. Ta sauko masa har gwiwa, hannuwan suka rufe yatsunsa. Ɗan Azumi ya fara dariya, sai ya haɗiye ta.

"Ba komai, zai naɗe hannun."

"Ya naɗe, ya yi tsalle ɗaya naɗin ya warware, ƙwallo ta zame masa," in ji Liyatu. "Tsaya daidai, yaro."

Ta auna kafaɗarsa da taƙi, ta auna hannu, ta sa alama da gawayi. Ta ce ya tuɓe. Da ta fito da almakashi, Dado ya zabura.

"Inna, kada a yanke! A kalmashe kawai, bayan wasa a kwance."

"Yau kaɗai za ka tsare musu gidan?"

Dado ya dubi Ɗan Azumi. Ɗan Azumi ya kawar da kai.

Ta shimfiɗa rigar a kan tabarma, ta yanke hannun dama, ta yanke na hagu, ta rage tsawon. Ƙyallayen da suka faɗi ta tsince su, ta ƙulle a haɓar zanenta, sannan ta jawo keken ɗinki.