Sai An Cika Goma

Shekarar da aka ce a fitar da allurar korona daga asibiti a bi da ita unguwa-unguwa, don kada ta ƙare a kan masu mota da masu sanayya, ni Damba aka tura ni. Aka ba ni teburi, kujera biyu da akwatin sanyi, aka ajiye ni a gindin darbejiya. Kullum da safe motar shela takan wuce tana cewa allura kyauta ce, kowa ya fito. Ita kanta motar ba ta tsayawa.

Mutane kuwa da sun hango ni sai su sauya hanya, kamar ciwon na kasa a faranti. A unguwarmu ma, tun da aka ji aikin da nake yi, kwanon tuwon maƙwabta ya daina shigowa gidana, aka yi ta biki ba a gaya mini. Mijina ya rasu, ɗana yana karatu a Sakkwato. Nakan ce ban damu ba, amma na damu.

Wata safiya sai ga wata tsohuwa, doguwa, siririya, ta tsaya gabana ta ɗaga mayafi ta miƙo mini dantse. Ko zama ba ta yi ba.

"Ɗiyata, ke ce Ummulkhairi mai allura? Yi mani in tahi."

Na ce ta zauna tukuna. Sunanta Dije. Daga wata ruga take a bayan Tsafe, tashin hankali ya watsa su, yanzu tana fake a wani kango a nan Damba. 'Yarta Hanatu ta haihu a Bungudu, haihuwar fari. Da a da ne, gida za a kawo Hanatu wankan jego, to gidan babu, don haka ita za ta je. Sai dai surukinta Mu'azu ya aiko cewa sai ta yi allura. Ban ga laifinsa ba: ciwon numfashi ne ya kashe mahaifinsa bara, mahaifiyarsa kuma tana fama da asma a gidan.

"Ni ban tsoron allura," in ji ta. "Shekarar da munka yi wa shanu, namu sunka tsira, na waɗanda sunka ƙi sunka zube. Ina son in riski suna."

Sai na gaya mata dokar. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce. Da an buɗe ta, abin da ba a yi amfani da shi ba kafin yamma sai zubarwa, ga kwalaben ba yawa, na Tsafe da na Bungudu ma jira suke. Ba a buɗewa sai goma sun taru.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Tara kaɗai? Yanzun ga."

Ba ta dawo ba sai azahar, da mutum ɗaya: Malam Isah mai faci, wanda ya biyo ta don kunya. Ya zauna, ya duba hanya, ya ce ya bar tayar mutane a buɗe. Washegari ta kawo mata biyu masu wankau. Kafin ta nemo ta uku, ta farko ta tuna ta bar wake a wuta. Haka muka yi ta yi. In ta tara ta nan, sai su zube ta can, ni kuma ina zaune ina gadin akwati kamar kaza a kan ƙwai. Wasu gidajen ko sallamarta ba a amsawa. Da an ji harshenta an ga kitsonta, sai a ce masu gidan ba sa nan.

Duk da haka na saba da ita. Takan zo da tabarmarta ta shimfiɗa kusa da teburina, mu raba ɗan abin da na zo da shi, ta yi ta kushe nonon garin nan, wai ruwa ne aka nuna wa saniya.

Ana gobe suna ta zo ita kaɗai. Ba ta shimfiɗa tabarmar ba, ta zauna a ƙasa ta fara lanƙwasa yatsu.

"Jatau, maigidana, ya rasu. Ɗana Lawwali ya yi kudu da sauran shanu, ban da labarinai. Ɗan'uwanai Shu'aibu, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Matansu sun koma gidajensu da ɗiya." Ta dubi hannunta. "Can ruga, in nic ce a hito, kahin a ƙare tatsa kin ga mutum talatin. Tukunyata sai mutum biyu ka sauke ta. Wallahi ɗiyata, ban san ni kaɗai ce ba sai da kinka ce in ƙirga."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na juya baya ina gyaran audugar da ba ta buƙatar gyara. Raina ya ɓaci, da dokar, da garin, da kaina da na iya faɗin ta da bakina kullum. Na buɗe akwati na ciro kwalba.

"Kawo hannun, Inna."

Da na gama ta shafa wurin, ta leƙa kwalbar. "Saura fa?"

Na ce in ba a samu mutane ba zubarwa za a yi, ni kuma in sha faɗa.

"A zubar? Abu mai kyau?" Ta miƙe tana kallona kamar na yi saɓo. "Ke, wa ya gaya maki ana zama da abin da ka lalacewa? Nono ba ya jiran mai saye. Ɗora mani."

Ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, ta ɗora akwatin sanyi a ka, ta saki hannu. Na kwashi sauran kayan na bi ta a baya. Ba ta tsaya a ƙofa tana roƙo kamar kwanakin baya ba. Tafiyar masu talla ta yi, ta rangaɗa sallama ta kutsa har tsakar gida, ta sauke kaya, ta zauna, ta tambayi lafiyar yara da ta awaki. Sai an ba ta ruwa ta sha sannan ta buɗe dantsenta.

"Ku duba, yanzu anka yi mani. Na mutu?"

Mata suka yi ta dariya. A wani gida aka kore mu, a wani aka ce sai maigida ya dawo. Amma wata mai ɗinki ta miƙo hannu, ƙanwarta ta bi, wata tsohuwa ta ce ba za a ce Bafulatana ta fi ta zuciya ba. Da muka biyo ta wurin Malam Isah, ya goge hannu ya ce a yi a wuce wurin. Kafin rana ta yi sanyi mun yi wa shida. Sauran na zubar, na kuma sha faɗan da na sani.

Na raka ta tasha da katin allurarta ƙulle a bakin zane. Na ce akwai ta biyu nan gaba, ana yi a Bungudu, ba sai ta dawo ba.

"Can ma sai goma?"

Na ce haka ne.

Ta fara lanƙwasa yatsu, fuskarta a sake. "Ni, Hanatu, Mu'azu, uwatai, ƙannenai biyu. Jinjirar ana ƙirga ta?"

"Ba a yi wa jarirai."

"To ni na ƙirga ta."

Motar ta cika ta tashi. Na koma gindin darbejiya na tarar ta manta tabarmarta a jikin teburi. Na naɗe ta na tafi da ita gida, na jingine a bayan ƙofa. Ina cire takalmi sai na ce bari in gwada ni ma: da ni aka ce in kawo tara, wa zan kira ya taso? Na lanƙwasa yatsa na ɗana. Na lanƙwasa na Dije. Na daɗe zaune da sauran a miƙe.