Saran Ari a Kurmin Mamudo

Tun ran da hukumar En'e ta ba Ari aikin malamin daji, bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Yau yana Potiskum, gobe yana Mamudo, keken nan nasa sai kuka yake yi. Abin da ya hana shi sukuni shi ne kurmin bayan Mamudo, inda marigayi babansa ya shekara talatin yana rataya amya a wata tsohuwar tsamiya. Gonaki sun fara cin kurmin ta ko'ina. Di'o, Nasaran da ke mulkin yankin, ya ce in dattawan gari sun yarda kafin Alhamis, za a mai da shi gandun daji, ba sara ba ƙuna. In ba su yarda ba, a bar zancen.

Ari ya bi gida-gida har muryarsa ta dishe. Ya rantse wa mata cewa kuka da ɗorawa nasu ne, ba mai hana su ɗiba. Dagaci Muhammadu Lawan ya saurare shi tsaf, ya ce zai duba.

To, Ari ba ya iya jiran "zan duba". Ran Talata ya ɗauki gatari ya bi iyakar kurmin, yana sassaƙe ɓawon manyan itatuwa don shaida, yadda Turawa suka koya musu. Da tsamiyar babansa ya fara, don ita ya fi so a kare. Kai, Ari! Ɗan Mamudo ne fa, amma wata shida na koyon aiki ya mantar da shi abin da kowace tsohuwa ta sani: a nan, wanda ya sari ɓawon itace, sanarwa ya yi zai share wurin ya yi gona.

Ran Laraba da hantsi, tun daga hanya ya jiyo gatura. Gari ya ɗauka Nasara zai share kurmin ya shuka gyaɗa, kowa ya fito kwasar rabonsa. Ari ya yar da keke, ya yi nan, ya yi can, yana roƙo, ba wanda ya ko waiwayo. Tsoro ya kama shi sosai. Sai ya tuna yadda babansa ke yi. Ya fizgo gamba, ya ƙulla a reshen wata ɗorawa, alamar itacen nan da mai shi, kada a taɓa.

Gatura suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, ai da haka ka fara," in ji dagaci, "da ba mu ɓata safiyarmu ba." Ya sunkuya da kansa ya tsinko ciyawa, jama'a suka bi shi suna ƙullawa.

Ari ya fizgi wata gambar ya ruga wajen tsamiya. Ya tarar da ita kwance. Joda, aminin babansa, yana zaune a kan gungumen, 'ya'yansa uku suna share gumi, tsofaffin amya a jere a gefe.

"Ɗana, saranka na gani a jikinta," in ji Joda a hankali. "Na ce tun da ɗan mai ita ya sallama ta, gara ta faɗi a hannun wanda ya san ubanka."

Ari ya tsaya da ƙullin ciyawa a hannu, yana neman reshen da zai ɗaura.